Kada Ki Ƙara wa Jigidar Nan Zare

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga autata Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida angonki, ina gaida surukanki na Hotoro baki ɗayansu, har da waɗanda ba sa son jin sunana a makon nan. An ce gobe za ku kama hanyar Abuja. Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ki shiga gidanki da ƙafar dama.

Yayarki ta dawo ta gaya mini kin yi kuka ranar da aka kai gararki. Ta ce da aka sauke kaya a tsakar gida mata suka hau buɗe kwanuka suna neman alkaki, babu. Dubulan babu, nakiya babu, ko buhun sukari guda babu. Sai gero da dawa da wake da acca, da busasshen kifi, da kuka da kuɓewa da zogale da daddawa. Ta ce gwaggon angonki, Hajiya Kulu, ta tafa hannu ta ce tunda take ba ta taɓa ganin garar asibiti ba sai a kanki. Ke kuma kika shige ɗaki, kika aiko mini cewa na tozarta ki a gaban dangin miji.

To, Auta, ba haƙuri na ɗauki biro in ba ki ba. In da za a sake auren gobe, garar nan dai zan sake kaiwa, sai dai in ƙara wake. Ba rashi ba ne, kin sani. Babanki ma sai da muka yi ta ja-in-ja, yana cewa zan sa a yi da shi a majalisa, na ce a yi. Ni da na tsufa ina gyaran amare daga Tarauni har Darmanawa, ni za a koya wa abin da ake zubawa a gara? Alkakin da hannun nan ya tuƙa wa 'ya'yan wasu, Allah kaɗai Ya san yawansa. Da gangan na hana ki, kuma zan gaya miki dalili, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan siririya ce ni, kamar ke ko ma ban kai ki ba. Innata ta ɗaura mini jigida baƙa mai ratsin ja, zagaye ɗaya ta zauna mini cif. Ana nan sojoji suka ba farar hula mulki, wancan karon, ba wannan na yanzu ba, babanki ya sami kwangilar kai kujeru makarantu. Gida ya buɗe. Shinkafa 'yar waje, taliya, burodi da bota, lemon kwalba akwati-akwati a bayan ƙofa. Na daina daka, na daina zuwa kasuwa da ƙafa, ruwa ma sai a miƙo mini. Jigida ta fara matse ni, na kai ta wajen mai jigida a kasuwar Tarauni ta ƙara zare ta ƙara duwatsu. Bayan an kwana biyu na sake kai ta. Wallahi da alfahari nake zuwa, ina ɗaga murya don na kusa su ji abin da ya kawo ni. Mata suna cewa Binta hutu ya karɓe ki, ni kuma ina washe baki. Ƙibar ba ta tafi ko'ina sosai ba sai ciki, hannuna da ƙafata kusan yadda suke, tumbi ne kawai ya yi gaba. Ki riƙe wannan, don likita ya ce mini ƙibar ciki ita ce mai cuta, ba ta cinya ba.

Yanzu ga shi soja ya sake komawa bariki, angonki ya sami aiki a ofishin ɗan majalisa, kowa na cewa lokacin ci ya zo. Na taɓa ganin irin wannan lokacin cin, na ci, kuma ga ni ina jan ƙafa. In aka ce miki hutu ya karɓe ki, kada ki yi godiya, ki tafi ki duba ƙugunki.

Sai wuyana ya fara baƙi. Ba irin baƙin rana ba, wani baƙi ne mai kauri, in kin shafa ya yi laushi kamar karan-miski, ya bi bayan wuya ya sauka hammata, da wasu 'yan ƙananan tsiro suna reto. Ki duba abin kunya: mai gyaran jikin amare da baƙin wuya. Na ce dauɗa ce. Na dirje shi da soso da sabulun salo, na goga lemon tsami, na yi dilka har hannuna ya gaji, na sayo man da ake cewa yana haska fata. Fuska ta yi fari, wuya yana nan inda yake. Na koma naɗa mayafi har haɓa ko ana zafin da kaza ke buɗe baki.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da na yi miki. Kin tuna da kika fara zama budurwa, kina ta cika, naki wuyan ya soma duhu? Na zaunar da ke a bakin rariya na dirje ki har fata ta ɗaye, kina kuka ina cewa ki yi mini shiru. Na kira ki ƙazama a gaban ƙawayenki. Ba ƙazama ba ce ke, Auta, ba ki taɓa zama ƙazama ba. Jikinki ne yake magana, ni kuma na ɗauki soso ina toshe masa baki. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Duk wanda ya sake ce miki ki wanke wuyanki, ko wace ce, ki ce masa uwarki ta riga ta gwada.

Yaya Asabe, yayata da kika sha zama a wajenta hutun makaranta, ita ma haka take: tumbi a gaba, wuya baƙi. Tana tsaye da muciya a hannu tana tuƙa tuwon rana ta yanke jiki ta faɗi, ba ta ƙara magana ba. A asibiti suka ce hawan jini ne, jijiya ta fashe a ka. Mu kuma a zaman makoki muka raba wa kanmu dalilai. Wasu suka ce tunani ne, tunda an sallami mijinta daga aiki. Wasu suka rage murya suka ce jifa ce. Ni na yi mata wanka. Da na zo wuyanta, ban san lokacin da na tsaya ina gogawa ba, ina cewa a raina kada ta je gaban Ubangiji da dauɗa. Sai da matar da ke zuba mini ruwa ta riƙe hannuna.

A wajen gaisuwar ne Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, 'yar Kudancin Kaduna, ta ja ni gefe. Mayafina ya zame ta ga wuyana. Ta ce mini ta ga irinsa a jikin marigayiya, kuma wannan ba abin soso ba ne, in je a auna mini suga da jini da maiƙon da ke cikin jini. Na je, amma suga kawai na bari aka gwada, don shi nake tsoro. Mai gwajin ya ce ban kai ga ciwon suga ba tukuna, amma na matso. Ni kuwa rabin farko na maganar kawai na ɗauko na taho da shi gida. Na leƙa ta kan katanga na ce wa Sista an wanke ni tas. Ta ce jinin fa, an auna? Na ce mai hawan jini ai kansa ke ciwo, ni ko jiri ba na yi, ke dai kowa a wajenki marar lafiya ne. Ta juya ta koma ɗakinta. In kaina ya ɗan sara sai in ce hayaƙin turaren wuta ne, in haɗiyi ƙwaya in ci gaba da aiki.

Ki ji ni da kyau a nan. Hawan jini ba ya sallama. Za ki iya yawo da shi shekara da shekaru kina dariya a gidan biki. Kuma in an ce miki sugarki lafiya, wannan ba ya nufin an gama magana. Ki miƙa hannu a ɗaura miki abin awon nan ko da ranar kin fi kowa jin ƙarfi. In kin sauka Abuja, kafin ki san inda ake sayar da leshi, ki san inda ake auna jini.

Ranar da abin ya same ni kina makaranta. Ina Ƙauyen Alu ina yi wa wata amarya lalle, ina riƙe da ƙafarta da hannun hagu, sai na ga ƙafar ta zame ta faɗi a tabarma. Na sa hannu in ɗauko, hannu ya ƙi. Na buɗe baki in ce a ba ni ruwa, na ji maganar tana fitowa kamar ta mai barci, 'yan mata har sun fara dariya sun zaci wasa nake. Uwar amarya ce ta kalli bakina ta yi salati. Allah Ya sa da sauran shan ruwana, aka kai ni asibiti da wuri. Baki ya dawo daidai, ƙafa ta dawo rabi, hannun hagu kuwa har yau ba ya riƙe allura. Lallen da nake tinƙaho da shi, na yi sallama da shi daga ranar.

Likitan da ya duba ni yaro ne, bai fi sa'an yayanki ba, amma ya zauna ya yi mini bayani da Hausa. Ya ɗaga mayafina ya dubi wuyan, ya sa aka auna ƙuguna, ya dubi sakamakon jinin. Ya ce akwai wani sinadari da jiki ke yi, insulin, aikinsa ya kai sukarin abinci inda za a ƙone shi. Kamar mai sallama ne a ƙofar gida, in ya yi sallama a buɗe, sukari ya shiga. To, in kitsen ciki ya yi yawa, mutum kuma ba ya motsi, ga kuma gadon ciwon daga iyaye, sai masu gida su yi kunnen uwar shegu. Jiki kuma sai ya yi ta ƙaro masu sallama har a buɗe dole. Shi ya sa gwajin suga zai iya fitowa lafiya tsawon shekaru alhali ciki ana ta dambe. Ya ce wannan insulin da ya yi yawa shi ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ya sa hanyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Shi ne kuma ke sa fatar wuya ta yi kauri ta yi baƙi. Tumbi, da baƙin wuya, da maiƙo a jini, da sugan da ya ɗan ɗaga, da hawan jini, ya ce galibi 'yan gida ɗaya ne. Bai ce duk mai baƙin wuya sai ya faɗi ba, kuma ya ce akwai sirara masu hawan jini. Amma wanda ke da alamun nan ya fi kusa da ramin.

Na tambaye shi tun yaushe ke nan abin yake jikina. Ya ce, “Hajiya, tun ranar da wuyan nan ya fara baƙi jikinki yake gaya miki.” Na ce to 'yata ma tana da shi. Ya ajiye biro ya ce in kawo ki.

Kin tuna na kai ki kina ta ƙunƙuni. Jininki lafiya, alhamdu lillahi, sugarki bai kai ba, amma ya ce alamun suna nan, kuma ke kina da abin da ni na rasa, wato lokaci. Kika rage lemo, kika riƙa tafiya makaranta da ƙafa, cikin ya sauka, wuyan ma ya ɗan washe ba tare da soso ba. Da idonki kika gani. Shi ne yanzu don an yi miki dariya rana ɗaya a Hotoro za ki ce na tozarta ki?

Labari ya iso ni cewa Hajiya Kulu ta ɗaga hannunki a gaban mata ta ce an kawo musu amarya kamar ba a ba ta abinci a gidansu, amma a bar ta da ke, kafin ta dawo daga rakiyar Abuja za ta cika ki. Na san da me ake cikawa, ai sana'ata ce. Kunun gyaɗa da madarar gwangwani da sukari, dabino da kwakwa da aya a markaɗe safe da yamma, a hana ki ɗaga ko tsinke, in abin ya ƙi a sayo ƙwayar ƙiba a kemis. Ni na haɗa wa amare wannan da hannuna, uwayensu suna sa mini albarka. Tun da na tashi daga jinya na daina, na ce wa yaran da ke yi mini aiki dilka da turare kawai za a yi a gidan nan. Masu kawo amare sun ragu, a unguwa an sa mini suna Hajiya Likita, in na wuce a ƙyafta ido. Ko a jikina, an tsikari kakkausa.

Ban ce ki yi wa gwaggon mijinki rashin kunya ba, ban haife ki don haka ba. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki karɓi kofin da hannu biyu, ki ce an gode, Gwaggo, amma likita ya hana. In ta matsa, ki ce uwata ta hana, ki jingina laifin a kaina, bayana ya saba ɗaukar magana. Ƙwayar kemis kuwa ko da wasa kada ta shiga bakinki. Ki zaunar da angonki ki gaya masa komai tun kafin wani ya fassara masa ramarki. Yaron kirki ne, da ya zo gaishe ni na ga yadda ya tsaya yana kallon hannuna. In yana son ki, yana son ki daɗe.

Abincin da na aiko ba na marasa lafiya ba ne, shi kakanninki suka ci suka yi noma. Accar nan Sista Rifkatu ce ta sa aka kawo daga garinsu, ta ce gudummawarta ke nan, matar da na yi wa tsiwa ta kan katanga. Ki yi tuwo ki ci daidai cikinki, miya ta fi tuwon yawa. Ki sassauta hannu a gishiri da dunƙule, harshe yana sabawa. Lemon kwalba ki bar wa baƙi. Can za a yi ta gayyatarki walima da taron matan manya, tebur cike, kowa na zuba miki. Ba dole ne ki cinye don an zuba ba.

Kuma ki yi tafiya. Na san za a ce matar ma'aikacin majalisa ba ta yawo a ƙasa. Ni nan kullum in gari ya waye nake saka hijabi in ja ƙafata daga Gyaɗi-Gyaɗi har kasuwar Tarauni in dawo. Da farko masu mota suna tsayawa su ce Hajiya a rage miki hanya, wasu suka baza cewa babanki ya karye har ya sayar da mota, wata ma ta ce ciwon ya taɓa mini kai. Na bar su da bakinsu. Maganina kuma ina sha kullum, ko na ji garau, don na ga waɗanda suka ajiye shi da suka ji sauƙi, na kuma je gaisuwar rasuwarsu. Masu cewa ai kwana in ya ƙare ya ƙare, gaskiya suka faɗa, amma ban ga wanda ya kwanta a tsakiyar titin Zariya don ya yarda da ƙaddara ba.

In Allah Ya ba ki rabo, ki fara zuwa awo da wuri, ki gaya musu tarihin gidanku ba tare da ɓoye komai ba: uwa ta sami shanyewar ɓarin jiki, yayar uwa ta faɗi. In kin haihu ni zan zo jego da kaina, da ƙafar nan tawa, kuma kunun kanwa ba zai shiga ɗakinki ba sai likita ya ce to. A nan ma za a yi rigima, na sani, na shirya mata tun yanzu.

Cikin ƙullin da yayarki za ta ba ki tare da takardar nan akwai jigida. Ita ce wadda Innata ta ɗaura mini. Na tsinke ta na zare duk duwatsun da na yi ta ƙarawa a shekarun nan, suka cika gwangwanin madara, yana nan kan taga inda nake ganinsa kullum. Ranar lallenki da na ce ki tsaya in gyara miki zani, kika ji ina zagaya ƙugunki, zare ne a hannuna, awonki na ɗauka. Na bar miki ɗan sarari, don ban ce ki zauna a bushe ba. Da hannu ɗaya na shirya ta, bakin zaren a haƙorina, duwatsu suna zubewa ina tsincewa. Yayarki ta ce in kawo ta taya ni na ƙi.

Ki ɗaura ta. In juna biyu ne ya sa ta matse ki, ki cire ki ajiye da farin ciki, bayan yaye ki nemi komawa cikinta. Amma in ba juna biyu ba ne, ranar da kika ji ta fara kama ki, kada ki nemi mai jigida. Kada ki ƙara mata zare, kada ki ƙara mata dutse ko ɗaya. Ki tafi a auna ki, ki kuma dubi abin da ke cikin kwanonki.

Ki yi fushi da ni in kina so, Auta. Ki yi wata ba ki aiko gaisuwa ba, ki yi shekara, zan iya ɗauka. Dariyar Hotoro ma zan iya ɗauka, da ta Gyaɗi-Gyaɗi duka. Na riga na wanke wuya irin naki sau ɗaya a kan tabarmar gawa, kuma ba zan sake ba. Ke za ki yi mini wanka, ba ni zan yi miki ba, haka nake roƙon Allah kullum.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya tsare jikinki da imaninki, Ya kare ki daga bakin mutane da daɗin bakinsu. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya sa in gan ki da ƙafafunki kina shigowa gidan nan, jigidar tana ƙugunki yadda na ƙulla ta.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Binta.